Ba Mu Taɓa Jin Tarinsa Ba

Duk wanda ya shigo gidan nan gaisuwa tun da Kawu ya rasu, magana ɗaya ce a bakinsa. Zai zauna a benci ko a tabarma, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, sai ya ɗago kai ya ce, "Amma abin nan ya zo ba zato. Mutumin da ko tari ba mu taɓa jin ya yi ba!" Matan zumunta na cocinmu sun faɗa bayan sun gama waƙa. Abokan aikinsa Musulmi sun faɗa bayan sun shafa addu'a. Har Fasto ya sa ta cikin wa'azinsa, wai Ubangiji ya ɗauki bawansa da ƙarfinsa, bai bar shi ya wahala ba.

Mama, matar Kawu, sai dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka Ubangiji ya so." Ni kuwa da na ji maganar sai in tashi in shiga kicin kamar zan duba tukunya. Don ni na san tarin nan. Na san inda ake zuwa a yi shi, na kuma san abin da ake rufe shi da shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga ƙauye bayan rasuwarta, ya sa ni makaranta, ya aurar da ni. Ma'aikacin laburare ne a wata kwaleji a nan Samaru tun kafin a haife ni. Ni ma a can nake aiki, a ƙarƙashinsa, sai dai ni 'yar kwantiragi ce. Duk ƙarshen zangon karatu sai a sabunta mini, ko kuma a ƙi, kuma babu wanda zai tsaya gaya mini dalili. 'Yar kwantiragi ba ta da hutun haihuwa. Ni kuma ciki gare ni, zangon nan kuwa ya kusa ƙarewa. Mijina malamin wucin gadi ne, in an shiga aji a biya shi, in ana yajin aiki mu zauna muna kallon juna a ɗakinmu na unguwar Muchia. Aikin nan nawa shi ne tukunyarmu. Na faɗi wannan tun yanzu don a san da wace irin zuciya nake rubutu.

Wanda bai san Kawu ba zai ce mugun mutum ne. Dogo ne, siriri, ga tsare gida. Shi yake goge rigarsa da kansa, wai Mama tana ƙona masa kwala, alhali ba ta taɓa ƙonawa ba. A bakin ƙofar laburare yakan tsaya da safe yana duba hannun ɗalibai kamar mai duban dabbar saye. In ya ga maiƙon ƙosai sai ya nuna famfo da baki, ko magana ba ya yi. Amma in ya tarar da ɗalibi ya kifa kai yana barci, ba ya tashinsa. Sai dai ya zare littafin a hankali daga ƙarƙashin kumatunsa, ya ce da mu, "Ku bar shi, wa ya san inda ya kwana." Akwai wata yarinya da ta yi ta zuwa da takalmi ɗaya duk damina, ya tsinke ta ɗaure da waya. Rannan na ga Kawu ya ajiye leda a gefen teburinta ya wuce yana harare-harare, kamar wani ne ya ɓata masa rai. Takalman Mama ne a ciki. Mama ta neme su har ta gaji, shi kuwa yana taya ta nema.

Shiru kuwa, a nan ne addininsa na biyu yake. Da zoben aurensa yake ƙwanƙwasa tebur, sau ɗaya, duk zauren ya yi tsit. Yakan ba mu labarin zamanin da ya fara aiki, wai sanyin na'ura har sai ka sa suwaita, sababbin mujallu na zuwa daga ƙasashen waje da ƙamshinsu. Mukan yi dariya mu ce, "Kawu, a wace ƙasar ke nan?" Don mu abin da muka tarar daban ne. Na'urorin sanyi sun mutu tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. Sabon littafi sai dai in wani ya mutu iyalansa sun kawo nasa. Da damina kowane ma'aikaci da bokitinsa, ka san inda naka yoyon yake, da hadari ya haɗu ka ruga ka tara. In mutum ya yi ritaya ba a ɗaukar wani, sai a raba aikinsa da bokitinsa ga waɗanda suka rage.

Akwai ɗakin ƙasa inda ake ajiye tsofaffin jaridu da kundayen ɗalibai. Ruwa ya shige shi wata shekara, fumfuna ta kama komai, baƙi ƙirin, in ka buɗe ƙofar warin sai ya tokare maka maƙogwaro. Kowa ya ƙi shiga. Kawu ya ɗaura hankici a hanci ya shiga, yana fito da su rana ɗaya bayan ɗaya, damina bayan damina. Ni ba likita ba ce, amma babu wanda zai raba ni da cewa a can ya ɗauko abin da ya kashe shi.

Tsoron kuwa daga amininsa ya samo shi. Aminin nan malamin Tarihi ne, tare suka yi makaranta, shi ya yi masa abokin ango. A shekarun nan da aka fara maganar garambawul da rage ma'aikata, jiri ya ɗebe shi a aji. Ya je asibitin ma'aikata, aka ce hawan jini ne, aka ba shi hutun jinya. Da ya dawo sai ya tarar an haɗe darasinsa da na wani. Ba a jima ba aka sallame shi, wai don ya samu ya huta. Yanzu abincin kaji yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, mutumin da ya koyar da rabin malaman garin nan. Tun daga lokacin Kawu ya kafa mana doka a gida: "A ofis ba a ciwo. In an tambaye ki, lafiya lau. Asibitin nan kuwa, bangonsa ɗaya da ofishin masu sallama." Ba shi kaɗai ba ne. Na ga malami yana koyarwa zazzaɓi na kaɗa shi, yana cewa fanka ce ta yi masa yawa, a ajin da fankar ta shekara ba ta juya ba.

Yanzu ku dubi wannan masifa: mutum mai tari, a wurin da aikinsa shi ne hana motsi. Ni ban ma lura ba da farko. Na dai ga ya fara tauna kanumfari da citta ba dare ba rana. Na ga in an tayar da janareta yakan miƙe da sauri ya nufi matakalar baya, wadda ke sauka ɗakin ƙasa. Amma janareta sai an samu mai, man kuwa ba kullum ba.

Muna da wani tsohon amalanke na ƙarfe da ake tura littattafai a mayar kan kanta. Ƙafarsa ɗaya tana wani irin ƙara, ƙiiii, ƙiiii, har cikin haƙori. Aikin ƙananan ma'aikata ne tura shi, amma sai Kawu ya ƙwace, ya ce mu ba mu iya jera littafi ba. Babban mutum da furfurarsa, yana tura amalanke daga wannan lungu zuwa wancan, ɗalibai na toshe kunne. Abin ya dame ni. Na ce mutumin da ke son shiru haka, ai ƙarar nan tana cin ransa, kunya ce kawai ta hana shi magana. Rannan na zo da man keken ɗinki, na durƙusa na ɗiga wa ƙafar. Na tura, shiru kamar a kan auduga. Har ina murna.

Da ya zo ya kama amalanken ya tura, sai ya tsaya cak. Ya sake turawa. Wallahi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba fushi na fara gani ba, tsoro na gani, irin na wanda aka yaye wa zani a kasuwa. Ya ce, "Wa ya taɓa wannan?"

Na ce, "Ni ce, Kawu. Na ga ƙarar tana..."

"Wa ya sa ki? Wa ya aike ki? Ke komai sai kin sa hannu?"

A gaban ɗalibai fa, shi da ba ya ɗaga murya. Sai maganar ta sarƙe masa. Ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa na girgiza, idanunsa suka yi ja, ya juya da sauri ya yi matakalar baya. Na bi shi. Na same shi a can ƙasa ya dafa bango, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Da ya lafa ya dube ni ya ce, "To, kin gani. Hankalinki ya kwanta?" Ashe a bayan kanta, cikin ƙarar amalanken nan, yake sauke tarinsa kaɗan-kaɗan duk yini. Washegari na ga ya ɗebo yashi a takarda yana zuba wa ƙafar. Kafin mako ya zagayo ƙarar ta dawo.

Ranar Asabar yakan hau bas zuwa Sabon Gari, wurin wani mai kyamis Inyamuri da ba ya tambayar mutum inda yake aiki. Na raka shi sau da yawa. Har mai kyamis ɗin ya gaji, ya ce masa da Hausarsa, "Baba, wannan tari ya wuce kyamis. Ka tafi asibiti, don Allah." Kawu ya ce, "Kai dai ba ni na jiya." Saura masa 'yan shekaru ya yi ritaya da mutuncinsa da fanshonsa, abin da yake lallaɓawa ke nan. Na roƙe shi, Mama ta yi kuka, ya ce mu mata ba mu san yadda duniya take ba.

To, da na samu ciki, me kuke tsammani zan yi? Abin da na gani shi na yi. Na ɗinka manyan riguna, na fara yafa gyale har gwiwa. Wata abokiyar aikina tana tsokanata, "Ke, ko dai kin musulunta ne ba mu sani ba?" In yi dariya, in ƙara jan gyalen. Akwai wadda ta riga ni, 'yar kwantiragi ita ma, ta tafi haihuwa, har yau ba a kira ta ba. In amai ya taso mini, ina zan nufa? Matakalar baya. Wata safiya ina durƙushe a can sai na ji tari a ƙasa da ni. Muka dubi juna, shi da hankicinsa, ni da ledata. Sai ya ce, "Ikon Allah. Wurin ma yanzu sai an yi layi." Muka yi dariya har ta koma masa tari.

Ban fara awo ba. Awo ranar aiki ake yi, a wuni a layi, in ce wa Oga, shugaban laburare, ina za ni? Asibitin ma'aikata ne kusa, shi kuwa an riga an gaya mini bangonsa ɗaya da na wa. Ƙafafuna suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga. Kaina ya riƙa sarawa, wani lokaci in ga wasu ƙyalli-ƙyalli a idona. Mama ce ta gani ranar Lahadi bayan an taso coci, ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ƙwala wa Kawu kira.

Ya fito da Littafi Mai Tsarki a hannu. Ya ce, "Me likita ya ce?"

Na ce, "Ban je ba."

"Ba ki je ba? Da cikin fari? Ke mahaukaciya ce? Haka uwarki ta tafi, kin sani ko ba ki sani ba? Wa ya koya miki wannan wauta?"

Ni ma raina ya ɓaci, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Kai ne, Kawu. Kai ka ce a ofis ba a ciwo. Kai da ke zuba wa amalanke yashi, ni za ka tura asibiti?"

Mama ta ce, "Ke! Kawun naki?" Shi kuwa Kawu ya zauna a bakin gado, ya ajiye littafin a cinya, ya yi ta kallon ƙafafuna. Na koma Muchia ina kuka, na ce shi ke nan, na ɓata da uban da ya rage mini.

Ranar awo da safe ina zaune a teburina sai ga shi tsaye a kaina, cikin rigarsa ta zuwa coci. Ya ce, "Tashi." Muka fita ta ƙofar gaba, da rana tsaka, muka ratsa ta gaban ofisoshin manya, yana gaishe da mutane da ƙarfi kamar mai raba goron gayyata. Ya kai ni asibitin ma'aikata, wurin da rabonsa da shi tun kafin a sallami amininsa. Ya zauna kusa da ni a benci, namiji ɗaya tilo cikin masu ciki, suna ta satar kallonsa. Na ga gumi na bin wuyansa. 

Sai tarin ya zo. Na ga ya waiga dama, ya waiga hagu. Babu janareta, babu amalanke, babu matakala. Ya yunƙura zai tashi, sai ya dube ni, ya koma ya zauna. A nan ya yi shi, a gaban kowa, tun daga farko har ƙarshe. Wata nas ta fito da gudu ta ce, "Baba, tun yaushe kake wannan?" Ya share baki ya ce, "Ki fara duba 'yata."

Ni an ce jinina ya hau sosai, da na ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Aka ba ni magani, aka ce in riƙa zuwa a kai a kai, in rage tsayuwa. Shi aka tura shi hoton ƙirji. Likitan da ya duba hoton ya tambaye shi me ya sa sai yanzu. Kawu ya nemi hutun shekara, abin da ya daɗe bai yi ba, mutanen ofis suka ɗauka ƙauye ya tafi duba gona. A babban asibiti ya ƙare hutun.

Ranar da zai rasu na je da yamma da kunun gyaɗa, bai iya sha ba. Ya tambaye ni ko na sha maganina, na ce na sha. Ya lumshe ido har na ɗauka barci ne. Sai ya ce, "Amalanken nan." Na matsa kusa. Ya ce, "Ki sa masa mai. Yana damun yara."

Cikin duk masu gaisuwa mutum ɗaya ne bai ce bai taɓa jin tarinsa ba: amininsa. Ya zo da ƙurar dusa a hularsa, ya zauna a gefe, bai ci abinci ba. Da zai tafi na raka shi bakin titi. Na ce, "Baba, don Allah in tambaye ka. Da gaske asibitin ne ya sa aka sallame ka?" Ya ce, "'Yata, har yau ban sani ba. Babu wanda ya gaya mini. Wataƙila shi ne, wataƙila kuma ko ban je ba da sun sallame ni." Ya share ido da bakin riga. "Na sha gaya masa haka. Ya ce ba zai gwada ba." Tun da na ji wannan ban ƙara samun natsuwa ba. Da an ce mini tabbas asibitin ne, da na san abin da Kawu ya mutu yana gudu.

Jiya Oga ya zo gaisuwa, shugaban laburare, da 'yan rakiyarsa. Ba mugu ba ne, shi ma na sha ganin yadda yake zabura in an ce ana kiransa a ofishin manya. Ya yabi Kawu, ya ce ba a taɓa rubuta masa rashin lafiya ko na yini ɗaya ba, ya kamata matasa su yi koyi. Mama ta dube ni. Ina zaune a lungu na rufa da gyale har ƙafa. Sai Oga ya juyo ya ce, "Ke fa, lafiya dai ko? Kwana biyu na ga kamar kin yi nauyi."

Amsar tana kan harshena, wadda aka koya mini, har da muryar da ake faɗinta. Na dafa bango na miƙe, na sauke gyalen na riƙe a hannu. Na ce, "Yallaɓai, ba lafiya lau ba. Ciki gare ni, jinina kuma yana hawa. Likita ya ce in riƙa zuwa awo, ranar aiki."

Oga ya dubi cikin, ya dubi ƙasa, ya gyara hula. Ya ce, "Allah ya raba lafiya." Da ya kai ƙofa ya waigo ya ce, "In kin dawo ma yi magana." Ban san wace magana ba ce. Na juya ta ta kowace fuska, ban gane ba. Mijina ya ce kada in sa a raina, shi da ya kasa cin tuwonsa.

Kawu, ka yafe mini, na tona abin da ka sha wuya kana rufewa. Ban iya barin a yi ta yabonka da abin da ya kashe ka ba, har a ce yara su yi koyi. Ubangijin da ka bauta wa ya ba ka hutu a wurin da ba a sallamar kowa, ya buɗe maka ƙirji ka shaƙi iska son ranka. Ya riƙe Mama. Ni ma ya riƙe ni, don tsoro nake ji, ba kaɗan ba.

Ranar Litinin zan koma aiki. Na riga na ajiye gyalen a ƙasan akwati, na sa kwalbar man keken Mama a jakata. Da na shiga zan durƙusa, in cikin ya bar ni, in wanke yashin nan in ɗiga wa ƙafar mai. Daga nan duk wanda ya yi tari a laburaren nan, za a ji shi.